Malamar da ke koyarwa da hannu

Malamarmu ta ginin tukwane 'yar Japan ce. A Mashiko ta koyi sana'ar, garin magina da ke lardin Tochigi, arewa da Tokyo, yanzu kuma tana koyarwa a wani ɗan ɗaki a Ingila. Ba ta da yawan magana. In ka tambaye ta abu, sau da yawa sai ta kama hannunka ta ɗora a kan yumɓun, ta ɗora nata a kai, shi ke nan amsa.

Abin da ta fi matsa mana a kai shi ne cuɗa yumɓu. Tsayawa take yi ta ranƙwafa, ta danna da dama, ta juya da hagu, har curin ya yi layi-layi kamar fure, iska ta fita daga cikinsa tas. A can Japan magina na cewa koyon cuɗa shekara 3 ne, koyon gini a kan faifan juyi kuma shekara 10. Ɗalibai da yawa wannan ke korar su, don kowa ɗokinsa ya hau faifan juyi. Ni dai ina bayanta. Ƙwayar iska ɗaya a cikin yumɓu ta isa ta karkatar da bangon kwano.

Faifan ma da nasa sha'anin. A Japan ana juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, a Turai kuwa akasin haka. Ta bar mu da juyin Turai, amma in ta zauna nata aikin sai ta mai da na'urar yadda ta saba. Ta kan aza ƙaton curi guda, ta riƙa fitar da kofunan shayi daga ƙolinsa, ta yanke kowanne da zare, kuma duk girmansu ɗaya ba tare da ta auna ba.

Wannan salon koyarwa yana da tarihi. Hamada Shoji, wanda ya ɗaukaka sunan Mashiko, ya biyo wani magini Bature, Bernard Leach, zuwa garin St Ives na Ingila a 1920, suka gina tanderu irin na Japan mai ɗakuna a jere suna hawa gangare. Daga baya ya koma gida ya zauna a Mashiko. A 1952 ya zaga Amurka tare da Leach da Yanagi Soetsu, masanin sana'o'in hannu na Japan, har Kwalejin Black Mountain, inda matasan magina suka kewaye shi suna kallon hannunsa. A 1955 gwamnatin Japan ta ayyana shi cikin mutanen da take ɗauka a matsayin taskar ƙasa tun suna raye. Duk da haka ba ya buga sunansa a gindin tukwanensa. Wannan ya fi komai burge ni game da shi.

Wahalar maginin da ya bar gida ita ce ƙasa ba ta bin sa. Yumɓun Mashiko yana da yashi da ƙarfe, shi ya sa kayansu ke da kauri. Farin ruwan da suke shafa wa tukwane su yi ƙyalli kuwa da tokar ƙaiƙayin shinkafa ake haɗa shi, a Ingila kuma ina shinkafa? Malama tana tara tokar itace, ta jiƙa, ta tace, ta shafa a ƙananan gutsattsari ta gasa. Akwai kanta guda cike da su, kowanne da lamba a bayansa. Na taɓa ce mata, “Malama, me zai hana ki yi odar kayan daga gida?” Ta girgiza kai, ta ce wanda ke gini a nan da ƙasar nan ya kamata ya yi.

Tanderun lantarki take amfani da shi, amma tana kewar na itace, wanda ake kwana ana zuba masa icce har zafinsa ya haura digiri 1,200. Girgizar ƙasar Maris 2011 ta rushe irinsu da dama a Mashiko, har da na gidan Hamada, magina daga ƙasashe daban-daban suka tara kuɗi aka gyara. Burinta yanzu ta sami fili a bayan gari ta gina nata, ta kuma riga ta gaya mana cewa mu ne masu ɗaukar bulo.