Tarin mai ciki a lokacin hunturu

Tun watan Janairun 2025, da labarin cutar HMPV (wata ƙwayar cuta mai kawo mura da tari) a arewacin China ya cika wayoyi, har yau a wajen awo sai wata ta ja ni gefe ta ce, "Sista, wai sabuwar koronar nan ta iso mu?" Ba korona ba ce, ba kuma sabuwa ba ce. Masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ne suka gano ta a 2001 a jikin yara masu ciwon numfashi, da suka duba jinin da aka adana tun 1958 sai ga alamarta a ciki. Kusan kowane yaro yana kamuwa kafin ya cika shekara 5. Wato da ni da ke duk mun yi ta, aka ce mura ce, muka warke.

To me ya sa nake tsayawa a kanta idan mai juna biyu ce ke tari? Saboda ƙirjin mai ciki ba shi da sarari. Idan ciki ya tsufa, mahaifa na tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kusan santimita 4, ga shi jikin yana buƙatar iskar oksijin fiye da da, don numfashin mutum biyu take yi. Garkuwar jiki ma ta sassauta. Murar da mijinki zai yi ya tafi kasuwa abinsa, ke tana iya sauka miki a huhu ta zama namoniya, musamman idan kina da asma ko ƙarancin jini. Wani bincike da aka yi a kan mata masu ciki a kudancin Nepal ya nuna waɗanda suka kamu sun fi haifar jarirai ƙanana a kan watanninsu. Bincike ɗaya ne, ba na tsorata kowa da shi, amma ina riƙe da shi a rai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ledar kemis. Mace ta zo da kafso kala-kala, wai na tari. HMPV bairos ce, antibayotik ba ya taɓa ta, kuma har yanzu ba ta da magani nata na kanta, ba ta da rigakafi. Tetracycline ba na mai ciki ba ne. Ibuprofen da diclofenac ma a ajiye su, balle ciki ya wuce mako 20. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi, sai ruwa da yawa, da hutu, da ɗan zuma da lemon tsami idan maƙogwaro na ƙaiƙayi. Turaren wutan nan kuma, don Allah a ɗaga masa ƙafa har tarin ya wuce (na san da wuya).

Zazzaɓi dai a garin nan, a fara gwada maleriya, kada a zauna ana canke. Gwajin HMPV ɗin kansa sai manyan ɗakunan gwaji, kuma sanin sunanta ba ya canja abin da za mu yi miki. Numfashinki muke kallo. Idan kina haki alhali a zaune kike, ko ba kya iya gama magana sai kin tsaya kin ja iska, ko ƙirji na ciwo, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko motsin ɗa ya ragu, ki taho asibiti a daren. Kada ki jira ranar awo, kada kuma ki jira Hajiya ta ce a ga abin da gobe za ta yi.

Yawanci daga yaran gida ake ɗauka, ɗan makaranta ya dawo da majina, bayan kwana 3 zuwa 6 uwa ta fara. Ba za ki guji ɗanki ba, amma ki wanke hannu da sabulu bayan kin fyace masa, ku raba kofi. Bayan haihuwa kuma jaririn ne ya fi shiga haɗari, hanyoyin numfashinsa sirara ne. 'Yar barkar da ta zo tana tari, a ce mata ta yi addu'arta daga bakin ƙofa, ranar da ta warke ta zo ta ɗauke shi.