Lahadi, bayan sujada

Yau an tashi sujada a makare, ga zafi, amma muka zauna nazarin Littafi Mai Tsarki a gindin darbejiyar bayan majami'a. Farawa sura 9 muke kai. Wani dattijo da na taso ina gaishe shi a durƙushe ya ce ai baƙar fatarmu la'anar Ham ɗan Nuhu ce, haka ya ji tun yana yaro. Hankali kwance ya faɗa, kamar mai faɗin farashin gero, abin ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, a duba mana aya ta 25." Ya sa tabarau, yana bin layin da yatsa. Kan'ana ɗan Ham Nuhu ya la'anta, ba Ham ba, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci launin fata a wurin ba. Masu bayi a jihohin kudu na ƙasar Amurka sun daɗe suna fakewa da wannan fassara don halatta bauta, ga shi yau jikokin waɗanda aka zaga ne ke maimaita ta.

Sai wani matashi ya cafke: "Malam, ba ku ne kuke koya wa yara daga biri muka fito ba?" Dariya ta ɓarke. Na ce kimiyya kaka ɗaya ta ce muka haɗa da birai. A hamadar Djurab ta Chadi aka tono ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta da ake ganin dangin ɗan Adam ce, wadda aka sa wa suna Toumaï, a 2001, mai shekara wajen miliyan 7. Ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar dangin ɗan Adam da aka sa wa suna Lucy kuma a Habasha aka tono su, 1974. Irinmu ya bayyana a Afirka kimanin shekara 300,000 da suka wuce, kakannin Turawa ma daga nan suka fita, fatarsu ta yi haske a inda rana ba ta da ƙarfi. Bulus kuwa a Atina cewa ya yi daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A kan launi dai, ƙashi da Nassi bakinsu ɗaya.

Fasto bai yarda da miliyoyin shekarun nan ba. Na kawo masa Paparoma John Paul II, wanda a 1996 ya karɓi sauyawar halittu amma ya ce kurwa daga Allah take kai tsaye. Ya ce shi ba Katolika ba ne. Tambayarsa kuma mai nauyi ce: in ana mutuwa tun kafin Adamu, ina za a kai Romawa 5:12, inda aka ce ta zunubin mutum ɗaya mutuwa ta shigo duniya? Ya ce in zo da amsa Lahadi mai zuwa, a gaban kowa.