Neman malam-buɗe-littafi a kwarin Mosel

Daga birnin Koblenz na Jamus na shiga jirgin ƙasa zuwa Cochem, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kogin Mosel na biye da mu. Na ƙetare gada na nufi ƙauyen Valwig, inda wata hanyar ƙafa mai suna Apolloweg ke ratsa gonakin inabi a gangaren dutse. A nan ake ganin Mosel-Apollo, farin malam-buɗe-littafi mai baƙaƙen ɗigo da jajayen zobba a fukafukan baya.

Wanda zai zo, ya zo a watan Yuni, da hantsi, ranar da babu hadari. In gari ya lumshe ƙwaron ba ya tashi, sai a sha hawa a banza. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, don duwatsun falle-falle ne, suna zamewa. Kama ƙwaron haramun ne a doka. Tsutsarsa tana cin wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da ke fitowa a tsagar dutse, Sedum album, saboda haka inda tsiron yake nan za a tsaya.

Sunansa kuwa hawa-hawa ne. Masanin halittu Linnaeus ya sa masa apollo a 1758, sunan abin bautar Girkawa, shi kuma na wannan kwari aka ƙara masa vinningensis, daga garin Winningen da jirgin ya bi ta cikinsa.

Amma wadda ta fi riƙe ni ita ce kalmar da ke jikin allunan hanya, Schmetterling, wato malam-buɗe-littafi da Jamusanci. Mai jin Jamusanci zai zaci daga schmettern take, wato makawa da ƙarfi. Ba haka ba ne. Daga Schmetten ta fito, maiƙon da ke tasowa a saman madara, kalmar gabashin Jamus da aka aro daga smetana ta harshen Cek. Mutanen da sun yi imani mayu ne ke rikiɗa su zama wannan ƙwaro don satar maiƙon, shi ya sa wasu yankuna ke ce masa Molkendieb, ɓarawon tsararon nono. Mu fukafukansa muka duba muka ga littafi, su ƙwaryar nononsu suke tsaro. Sai a ƙarni na 18 kalmar Schmetterling ta game ƙasar.

Mosel-Apollo biyu kawai na gani kafin azahar, ɗaya a kan fure, ɗaya yana bin gangaren. Yawansu ya ragu ƙwarai a shekarun nan, kuma masu kare muhalli na zargin maganin da ake fesa wa inabi da jirgi mai saukar ungulu.