Abin da aikin rufi ya koya mini game da ƙusa

Duk kafintan da ke aikin rufi a Arewa ya san farkon damina ne lokacin jarrabawarsa. Hadari ya taso daga gabas, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, gari ya waye a ga kwano zube a titi. Na daɗe ina zuwa gyaran irin waɗannan gidaje, kuma ba kasafai nake tarar da katako ya karye ba. Rufin kan tashi ne ɗungurungum, katakon tu-bai-fo ɗinsa (mai inci biyu da huɗu) lafiya lau, wani lokacin har kwanon na manne da shi. Mahaɗa ce ta saki.

Iska ɗaga rufi take yi. Idan ta bi ta saman kwano da ƙarfi sai ta zuƙe shi sama, in kuma ta samu shiga ta taga ko ƙofa ta ƙara turowa daga ciki. Ita kuwa ƙusa, ƙarfinta yana wajen hana katako biyu zamewa gefe. A ja ta ta hanyar da ta shiga, sai ta zare. Mafi raunin duka ita ce wadda aka buga a goshin katako, inda zarto ya yanke, domin ta bi jijiyar itacen ne kawai, ba abin da ya cije ta. Shi ya sa maigidana ya koya mana buga biyu a karkace, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su gitta juna a ciki. Yakan ce, "Kai yaro, kafin ka ɗaga guduma, duba ta ina za a ja ta."

Akwai kuma batun ɗanyen katako. Yawancin wanda muke saye a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano daga Kudu yake zuwa, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba. Hunturu na busawa sai ya tsuke, ƙusar da ta kama jiya ta fara rawa. A manyan mahaɗai na fi yarda da noti mai washa, a dawo a ƙara ɗaure shi bayan katakon ya bushe. Busasshen katako mai tauri kuma tsagewa yake yi, musamman kusa da baki. A dakushe tsinin ƙusar da guduma, ko a fara huda mata wuri.

Inda na fi tsayawa kai da fata shi ne tsakanin rufi da bango. Magina na da suna jera azara, su ɗaure da igiya, su lulluɓe da ƙasa, nauyin soron ya riƙe kansa. Kwano ba shi da wannan nauyin, dole a ɗaure shi da ginin. Tun ana zuba kankaren linta nake zuwa wurin magini mu dasa rodi, daga baya a lanƙwasa shi a kan katakon da ke kwance bisa bango. Kowane katako mai ɗaukar rufi kuma a zagaya shi da langa-langa, wato siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, a haɗa shi da na bisa bangon, a buga ƙusa ta gefe biyu. Masu gida kan ce, "Malam, wannan duk na mene ne?" Sai in sa su kwatanta kuɗin langa-langar da na bandir ɗin kwano guda. Yana ƙona mini rai in ga an kashe dukiya a kwano mai launi, an bar abin da zai riƙe shi.

Ƙusar kwano mai hula a kan tudu ake buga ta, don kwarin hanyar ruwa ne, kuma a yawaita ta a gefuna da kusurwoyi inda iska ta fi finciko. Goshin katako kuwa a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a haɗa, saboda in an riga an haɗa, buroshi ba zai ƙara kai wurin ba.