Oliver da kwanon kununsa

Jiya da daddare aka ɗauke wuta, na kunna tocila na ɗauko littafin Oliver Twist, wanda rabona da shi tun ina sakandare. A lokacin dariya kawai muka yi wa yaron nan da ya miƙa kwano yana neman ƙarin kunu. Yanzu da na haifi nawa, ina zuwa wurin sai na ajiye littafin na yi shiru.

Charles Dickens ya fara fitar da labarin kashi-kashi a mujalla a 1837, shekara uku bayan dokar talakawa ta 1834 a Ingila, wadda ta tura marasa galihu gidajen aikin ƙarfi irin wanda Oliver ya nemi ƙarin kunun a ciki, aka tsananta zaman da gangan don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Shi kansa Dickens yana ɗan shekara 12 ya yi aiki a masana'antar man goge takalmi a Landan, yana liƙa takarda jikin kwalabe, babansa na kurkukun masu bashi.

Abu ɗaya dai ya tsaya min a rai. Oliver ya sha yunwa da duka, ya faɗa hannun Fagin mai koya wa yara yankan aljihu, amma halinsa bai gurɓata ba, Turancinsa ma tsaf. Ashe ɗan babban gida ne, har da gado! Shi kuwa Dodger, yaron titi na gaskiya, kotu ta kore shi daga ƙasar har abada. Wallahi shi na fi tausaya wa jiya.