Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dangwale

A makon jiya na tsaya inda aka ɗauke ni aiki a wani binciken zazzaɓin cizon sauro a 2010, ni ce nas mai ɗibar jinin yara a ƙauyuka. Huda yatsan yaro bai taɓa ba ni wahala ba. Takardar amincewa ce aikin.

Ƙa'ida ita ce sai an karanta wa uwa ko uba takardar kaf da Hausa, a faɗa musu me za a yi da jinin, a kuma faɗa musu suna da damar ƙi, kuma ƙin ba zai hana a duba yaronsu ba. Wanda bai iya karatu ba sai an kawo shaida, sannan ya dangwala. Mutum ɗaya yakan ci minti ashirin, layi kuwa har bakin rijiya.

Wata Laraba wani dattijo ya kawo jikarsa. Na karanta masa, ya yi shiru yana juya carbi, can ya ce, "'Yar nan, ba irin na Asibitin Zana ba ne dai ko?"

Yaran yanzu ba lallai su gane ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin nan na Kano. Yara 200 ne, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran kuma wani maganin da aka riga aka sani, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ya kuma ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a 2000, daga baya aka gano takardar izinin kwamitin ɗa'a, wato masu duba ko gwaji ya dace a yi shi, ita ma bayan gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ko ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a 2003, da tabon wannan a ciki.

Na ce, "Baba, nan ba sabon magani za mu ba ta ba, jini ne ɗigo kaɗan. In ba ka so, wallahi za a duba ta a ba ta magani." Ya ce sai ya yi shawara da ubanta. Ya tafi.

Likitan da ke shugabantarmu, ba zan kama suna ba, ya ja ni gefe. Wai ina korar masa mutane, mai unguwa ya riga ya amince, in tara dangwale kawai a yi bayanin daga baya. Na ce, "Likita, mai unguwa ƙofar gari ya buɗe mana, ba shi ya haifi yarinyar ba." Gabana na faɗuwa na faɗa, don albashin nan da shi nake biyan haya.

Bai kore ni ba, amma a ƙarshen wata aka mayar da ni ɗakin ɓerayen gwaji. Abin da na tarar a littafin lissafin ɓerayen nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.