Godiya ga duk wanda ya halarci zaman tuna Kolo Toure

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren Asabar na so in rubuta wannan, amma ban shiga gida ba sai wajen ƙarfe ɗaya, jiya kuma mun wuni mayar da bencina da kujerun aro. A gafarce ni da jinkirin.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, gardama ce ta haifar da shi. Wani ƙaninmu ya rubuta a zauren WhatsApp na majalisa cewa tun da aka kafa Arsenal ba a taɓa yin 'yan baya kamar Saliba da Gabriel ba. Wani ya ce masa to ina ka bar Kolo Toure? Sai yaron nan ya ce, "Wai yayan Yaya? Ai wannan ɗan Man City ne." Na ajiye wayar na yi salati. Da na huce na lissafa shekarunsa, sai na ga a 2004, shekarar da Kolo ya ɗauki kofin Firimiya da Arsenal, ko haihuwarsa ba a yi ba. Laifin namu ne, mu da muka gani da idonmu muka bar labarin a bakin teburin mai shayi. Shi ya sa muka ce a haɗu a zauna, a kunna tsofaffin wasanni, manya su yi magana, yara su ji.

Godiya ta farko ga mai gidan kallon unguwarmu. Ya ba mu rumfarsa tun daga bayan isha'i har tsakar dare, ko sisi bai karɓa ba, alhali kowa ya san shi ɗan Chelsea ne na gani-kashe-ni. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wai kada a hana shi ambaton Drogba. Ya ambace shi kuwa, ya fi sau goma, mun daure. Allah Ya ƙara kasuwa, Alhaji. Sai ɗan'uwanmu da ya kwashe mako biyu yana tattaro guntayen wasannin daga intanet da kuɗin datarsa, da wanda ya ara mana majigi daga wurin aikinsa. Sai iyayen gidanmu da suka aiko da zoɓo da kunun aya cikin kuloli uku, duk da cewa ɗaya daga cikinsu ta aiko da saƙon cewa ba ta taɓa ganin walimar mutumin da bai san ana yi ba. Gaskiyarta. Allah Ya saka da alheri.

Amma wanda ya riƙe daren nan shi ne Babanmu na majalisa. Kun san bai daɗe da tashi daga jinya ba, mun ma yi tunanin ba zai iya fitowa ba. Sai ga shi a bayan babur ɗin ɗansa, ya ɗora babbar riga a kan wata tsohuwar jesi ja mai tambarin O2, da lamba 28 a bayanta. Yaran suka ce ai Kolo lamba 5 ne. Ya ce musu wannan sai daga 2006, kafin nan 28 yake sakawa, kuma da ita ya ɗauki kofi.

Shi ya faro labarin daga tushe. An haifi Kolo a Bouake ta ƙasar Kwaddebuwa a 1981, ya taso a makarantar ƙwallo ta ASEC Mimosas da ke Abijan, wadda ta yaye ƙaninsa Yaya da Emmanuel Eboue da su Zokora. A watan Fabrairun 2002 Arsenal ta saye shi a kan fam dubu 150. Da Baba ya faɗi kuɗin, wani yaro ya tambaya ko albashin mako ne. A'a, kuɗin sayensa ke nan gaba ɗaya. Ya kuma ba su labarin nan da tsohon ɗan wasan Arsenal Ray Parlour yake yawan bayarwa, na ranar da aka kawo Kolo gwaji: ya kwashe ƙafar Henry, ya kwashe ta Bergkamp, daga ƙarshe ya bi ƙwallo har bakin fili ya haɗa da koci Baba Wenger kansa ya kayar. Maimakon a kore shi, tsohon yana ɗingishi ya ce a ɗauke shi, zuciyarsa ta burge shi. Rumfar nan sai da ta girgiza da dariya.

Abin da na fi so yaran su gane, kuma ina jin sun gane, shi ne ba a matsayin ɗan bayan tsakiya ya zo ba. Kakarsa ta farko duk inda aka samu giɓi nan ake cusa shi, yau tsakiya, gobe gefen dama. Sai a 2003 aka tsayar da shi kusa da Sol Campbell, Lauren a dama, Ashley Cole a hagu, Lehmann a raga. Wasa 38 na Firimiya, an ci 26, an yi canjaras 12, ba a yi rashin nasara ko sau ɗaya ba, ƙwallo 26 kacal ta shiga ragarmu. Mu a nan lokacin idonmu yana kan Kanu, domin shi ya jawo yawancinmu Arsenal tun 1999, sai Henry mai cin ƙwallaye. Da muka sake kallon wasannin a daren Asabar ne na lura da yawan lokutan da Campbell zai fita tarar mutum, a wuce shi, sai ka ga wani ya taso da gudu daga inda ba ka zata ba ya share ƙwallon. Campbell katanga ne, ba mai musu. Amma katanga ba ta gudu, Kolo ne yake bin ɓarawon da ya tsallake ta. Wannan ra'ayina ne, na san malamin makarantar nan namu bai yarda ba, kuma na gode masa da ya yi gardamarsa cikin mutunci.

Daidai lokacin da aka sako wasan Villarreal na 2006, na kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Turai, aka ɗauke wuta. A nan dole in tsaya in yi wa yaron inji godiya ta musamman. Janareta ya ƙi tashi, ya kwance fulogi ya goge da bakin rigarsa, wani ya haska masa da fitilar waya, ya ja igiya har tafin hannunsa ya yi ja, kafin minti goma haske ya dawo. Ko zoɓon bai samu ba, don kafin ya wanke hannu an shanye. Mun ji kunya, kuma za mu gyara.

Da haske ya dawo muka ga kuregen nan da ya shigo filin Highbury ya tsayar da wasa, yara suka ce haɗi ne na kwamfuta, muka rantse musu da gaske aka yi. Sannan Hleb ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa, Kolo ya sa ƙafa, ci ɗaya da nema. Ita ce ƙwallo ta ƙarshe da aka ci a gasar Turai a wannan fili kafin a koma Emirates, kuma ɗan baya ne ya ci ta. A waccan tafiyar wasa goma a jere ba a zura mana ƙwallo ba, har da gida da waje da Real Madrid da Juventus, alhali su Campbell da Cole suna fama da rauni. Senderos ne a gefensa, Eboue a dama, Flamini ɗan tsakiya aka mayar hagu. Kolo ne babba a cikinsu, yana da shekara 25. Wasan ƙarshe na birnin Faris kuwa, wanda Barcelona ta doke mu, da jan katin Lehmann da ƙwallayen Eto'o da Belletti, majalisa ta yi ittifaƙi kada a kunna. Mai gidan kallo ya roƙa, aka ƙi.

An taɓo abin dariya ma. Wasan Roma na 2009, da aka dawo hutun rabin lokaci Arsenal ta fara da mutum tara, saboda Kolo yana da al'adar sai ya zama na ƙarshen fitowa, Gallas kuma ana duba shi a ciki. Ya shigo ba da izinin alƙalin wasa ba, ya sha katin gargaɗi. Limamin masallacin layinmu, da ya leƙo don a gaisa kawai amma ya zauna har ƙarshe, ya ce ga mutum mai salla da azumi, amma camfi bai bar shi ba. Mun gode da zuwanka, Allah gafarta Malam.

Akwai abin da na faɗa a wurin, zan maimaita shi a nan don waɗanda ba su zo ba. Ranar da Kolo ya koma Man City a 2009, shi da Adebayor a bazara ɗaya, ina cikin waɗanda suka ce kwaɗayi ne, har na cire hotonsa daga bangon shagona. Mutumin da ya yi mana wasa 326, aka sayar da shi kusan ninki ɗari na kuɗin da aka saye shi, bayan zamansa da Gallas ya ƙi daɗi. Ban yi masa adalci ba. Sai a 2012, da na ga an tare fenaritinsa a wasan ƙarshe na kofin Afirka da Zambiya, na ji zuciyata ta karye kamar har yanzu namu ne. A 2015 da 'yan Kwaddebuwa suka doke Gana 9 da 8 a bugun fenariti suka ɗauki kofin, ni da Baba muka yi ta ihu a wannan rumfar, mutane suna tambayar ko muna da dangi a Abijan.

'Yan Man United da suka zo su biyar suka zauna a bencin baya, mun gode muku, ko da yake ba abin da ya kawo ku sai tuna mana ranar 24 ga Oktoba 2004 da kuka tsayar da mu bayan wasa 49 a jere ba a doke mu ba. Har gobe muna nan a kan bakanmu, Campbell bai taɓa Rooney ba a fenaritin da aka ba ku ranar.

Shi kuma ƙaninmu da ya tayar da maganar, kada kowa ya sake tsokanarsa a zaure. Ya zauna a gaba tun farko har ƙarshe, ya taya kwashe tabarmi, kuma da zai tafi ya durƙusa ya tambayi Baba ko zai sayar masa da jesin. Baba ya ce ko da kuɗin Man City ya zo ba zai sayar ba.

Ragowar kuɗin karo-karo, majalisa ta amince a sayi man inji a mayar wa Alhaji, abin da ya saura a ba yaron inji. An tsinci hula zanna ɗaya da cajar waya da makullin babur mai jan zare, suna wurin mai shayi, mai su ya je da shaida. Masu cewa zama na gaba a yi shi a kan Lauren, da masu cewa Eboue, ku bari sai ranar Juma'a bayan la'asar a yi ƙuri'a.

Wassalam, daga magatakardan majalisa.